Kwana biyu a Pingyao: me zan gani, me zan bari?

Garba T. ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san lardin Shanxi na ƙasar Sin. Cikin watan Oktoba zan tashi daga Beijin zuwa Xi'an ta jirgin ƙasa, kuma ina so in yada zango a tsohon birnin Pingyao in kwana biyu. Na ji an ce akwai tikiti guda da ke shigar da mutum wurare fiye da 20, amma ban gane ko har shiga garin ma sai an biya ba. Sannan na ga tashoshin jirgi biyu masu ɗauke da sunan garin, ban san a wacce zan sauka ba. Na uku, ana ta ambaton gidajen attajirai da wuraren bauta da ke wajen ganuwa. Shin kwana biyu za su isa a haɗa ciki da waje, ko in haƙura da na wajen? Wanda ya sani ya taimaka da bayani dalla-dalla. Na gode.

Malam Nuhu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Garba. Shiga birnin kyauta ne, babu mai tare ka a ƙofa, domin gari ne da mutane ke zaune a cikinsa har gobe. Abin da ake biya shi ne tikitin haɗaka na wuraren tarihi, wanda a 'yan shekarun nan yake yuan 125, yana aiki kwana uku. Ba a yanka shi gunduwa-gunduwa: ko ganuwa kaɗai kake son hawa, sai ka sayi na haɗakar. Da fasfo ake saye, kuma ka riƙe fasfon a jikinka duk inda za ka shiga.

Shawarata ita ce kada ka ɗora wa kanka ganin duka wuraren. Da yawansu ƙananan gidajen tarihi ne na tsofaffin bankuna da na 'yan rakiyar kaya, kuma idan ka shiga biyu ka ga sauran. Mutane kan ƙare ƙarfinsu a waɗannan, sai lokacin manyan wuraren ya zo ƙafa ta riga ta mutu. Guda huɗu ne ba a bari: ganuwa, bankin Rishengchang, fadar hakimi, da haikalin Konfushiyas, shahararren malamin falsafar Sin na dā.

Fara da ganuwa da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Siffar da take da ita yanzu an gina ta ne a shekarar 1370, farkon daular Ming. Kewayenta ya ɗan haura kilomita 6, tsayinta kimanin mita 10, kuma faɗin samanta ya isa mutane su jera suna tafiya. Akwai hasumiyoyin gadi 72 da haƙoran ganuwa 3,000, waɗanda mutanen garin ke cewa suna wakiltar manyan almajiran Konfushiyas 72 da ɗalibansa 3,000. Ƙofofi shida ne: ɗaya kudu, ɗaya arewa, biyu gabas, biyu yamma. Shi ya sa suke kiran garin birnin kunkuru, ƙofar kudu ce kai, ta arewa wutsiya, huɗun nan ƙafafu, har da rijiyoyi biyu a wajen ƙofar kudu da aka ce su ne idanu.

Idan ka hau, leƙa ɓangaren ciki ka kwatanta da na waje. Ta waje ƙonannen bulo ne mai ruwan toka, amma cikin ganuwar ƙasa ce aka daddaɓe hawa-hawa, kuma a wurare da yawa ta fuskar gari ƙasar a fili take, kana ganin layin kowane daɓe. Babban abokin gabarta ruwa ne. Idan ya samu kafa ta sama ya ratsa, ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi, sai ta zame. Wani sashe na kudu ya rushe a 2004, kuma ruwan sama mai yawa da aka yi a Oktoban 2021 ya lalata wurare da dama. Saboda gyare-gyare irin waɗannan, kada ka sa rai lallai za ka zagaye ta duka. Ana rufe wasu sassa. Tambayi mai duba tikiti a inda ka hau ya nuna maka ƙofar da za ka iya sauka, domin ba ko'ina ake da matakala ba, kuma idan ka wuce ta sai ka dawo da baya. Daga ƙofar kudu zuwa kusurwar kudu maso gabas, inda hasumiyar Kuixing take, ya isa ka ga rufin gidaje da tsarin garin.

Ka tsaya kuma cikin ƙofa ka duba yadda aka yi ta. Ƙofofi biyu ne, ta waje da ta ciki, da fili a tsakani wanda bango ya kewaye. A yawancin ƙofofin gabas da yamma ta wajen ba ta fuskantar ta cikin, sai an karya kwana. Maharin da ya fasa ta farko ya shiga tarko ke nan, ana yi masa ruwan kibau daga sama ta ko'ina.

Daga nan sai Rishengchang a Titin Yamma. An kafa shi a 1823, kuma shi ake ɗauka a matsayin banki na farko a Sin da ya riƙa tura kuɗi da takarda. Asalinsa shagon sayar da rini ne na iyalin Li, manajansa Lei Lütai ya lura cewa ɗaukar curin azurfa daga lardi zuwa lardi da 'yan rakiya yana da tsada da haɗari. Sai ɗan kasuwa ya ajiye azurfa a reshe ɗaya, a ba shi takarda, ya karɓa a wani reshen, banki ya cire ladansa. Abin kallo a nan shi ne yadda suka hana jabu: takarda mai tambarin ɓoye da ba ya fita sai an ɗaga ta a haske, rubutun hannun magatakarda guda wanda duk rassa suka sani, da kuma allon kalmomin sirri inda haruffa 12 ke tsaya wa watanni, 30 kwanakin wata, 10 kuma lambobi, ana canza su lokaci-lokaci. Idan an biya takarda ƙona ta ake yi, shi ya sa 'yan kaɗan ne suka rage. A ƙarni na 19 bankuna irin wannan fiye da 20 ne ke da hedikwata a wannan ɗan ƙaramin gari. Juyin juya halin 1911 da zuwan bankunan zamani ne suka karya su. Idan kana son ƙari guda, shiga Xietongqing a Titin Kudu don rumbun azurfarsa na ƙarƙashin ƙasa, sannan gida ɗaya na 'yan rakiya. Ya wadatar.

Fadar hakimi tana ɓangaren yamma, tana cin sa'a ɗaya da rabi idan ba gudu kake ba. Gini fiye da ɗaki 300 ne a jere kan layi ɗaya daga kudu zuwa arewa: ƙofa, zauren shari'a babba, na biyu inda ake sauraron ƙananan ƙararraki, sai gidan hakimin a can ciki. Ofisoshi shida na gefen fili su ne na ma'aikata, haraji, bukukuwa, soja, hukunci da ayyuka. Akwai kurkuku da kayan azabtarwa, wanda ba kowa ke jure kallonsu ba. Ana yin wasan kwaikwayon zaman shari'a a wasu sa'o'i, kuma ana rubuta lokutan a bakin ƙofa. Haikalin Konfushiyas kuwa yana kudu maso gabas, babban zaurensa na shekarar 1163 ne, ya girmi ganuwar da fiye da shekara 200. Haikalin Chenghuang, abin bautar da suke ɗauka mai tsaron gari, na kusa da shi, rufinsa na fale-falen tangaran masu launi ya isa a leƙa.

Hajiya Rabi ta amsa:

Malam Nuhu ya gama da cikin gari, bari in ɗauki maganar jirgi da masauki, don a nan ne aka fi yin kuskure.

Tashar da ake kira Pingyao kawai ta jiragen gargajiya ce masu tafiyar hawainiya, tana dab da tsohon birnin ta arewa maso yamma. Wadda kake buƙata ita ce Pingyao Gucheng, ta jirgi mai gudu, a kan layin Datong zuwa Xi'an. Tana wajen gari ta kudu maso yamma, kusan minti 20 a mota. Daga Beijin tafiyar kimanin sa'a 4 ce, daga Pingyao Gucheng zuwa tashar arewa ta Xi'an kimanin sa'a 3. Jiragen da ke zuwa kai tsaye daga Beijin ba su da yawa; idan ka rasa kujera, yanki zuwa tashar kudu ta Taiyuan, babban birnin lardin, ka canza a can, ragowar tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya ba. A manhajar 12306 ta hukumar jiragen ƙasan Sin ake sayen tikiti, ana buɗe sayarwa kwana 15 kafin ranar tafiya. Rubuta sunanka da lambar fasfo daidai yadda suke, harafi ɗaya ya kauce sai an sha wahala a tasha. Ba a ba da tikitin takarda, fasfon shi ne tikitin. Idan na'urar ƙofa ta ƙi karanta shi, nufi layin gefe inda ma'aikaci ke tsaye. Ka isa tasha da sauran minti 40 aƙalla saboda binciken kaya, kuma ana rufe ƙofar shiga 'yan mintoci kafin jirgi ya tashi.

Daga tashar akwai bas mai lamba 108 zuwa gari, akwai tasi, akwai kuma manhajar kiran mota ta Didi. Motar haya ba ta shiga tsakiyar tsohon birni, a bakin ƙofa za a ajiye ka. To, a nan ne jaka mai taya ke zama jidali, domin titunan daɓen dutse ne, lungunan kuma sun yi kama da juna. Kafin ka taso, aika wa masaukinka lokacin isowarka, ka tambaye su ƙofar da ta fi kusa da su. Yawancinsu suna turo ƙaramar motar lantarki ta ɗauko baƙo. Ka ajiye sunan masaukin da adireshinsa da rubutun Sinanci a waya, don direba ba zai gane na boko ba. Idan wani ya tare ka a bakin tasha ya ce masaukinka a rufe yake, ko ya ce zai kai ka yawo a kuɗi kaɗan, kada ka bi shi. Ƙarshenta shagunan da yake da kamasho zai zagaya da kai.

Ka kwana cikin ganuwa, a ɗaya daga tsofaffin gidajen nan masu tsakar gida. Ginin kansa abin kallo ne: dogon bango ta waje babu taga, rufi mai gangare ɗaya da ke zubo ruwa cikin gida, ɗakunan ƙurya kuma ginin baka ne na bulo. Gadon da za ka tarar a yawancinsu shi ne kang, dandamalin bulo da a da ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin hunturu. Yana da faɗi amma da tauri, mai ciwon baya ya nemi a ƙara masa katifa ko ya zaɓi ɗaki mai gadon zamani. Abu biyu za ka tabbatar kafin ka biya: suna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje kuma za su yi maka rajistar 'yan sanda, wadda doka ta wajabta cikin sa'a 24, sannan ɗakin yana da abin ɗumama ɗaki, domin daren ƙarshen Oktoba a Shanxi akwai sanyi. Kada ka kama ɗakin da ke kan Titin Kudu kansa, hayaniya ba ta lafawa da wuri. Lungu biyu ko uku daga nan ya fi.

Injiniya Bashir ya amsa:

Ni inda na ɗan saɓa da Malam Nuhu shi ne, idan lokaci ya ƙure, gara a rage na cikin gari da a bar na waje. Lokacin da UNESCO ta sa Pingyao cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, abu uku ta haɗa: birnin, haikalin Shuanglin, da haikalin Zhenguo. Biyun nan ba sa cikin tikitin haɗaka, kowanne da nasa, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Shuanglin na kimanin kilomita 6 kudu maso yamma, kusa da tashar jirgi mai gudu, don haka ana iya haɗa shi da ranar isowa ko ta tafiya. Akwai mutum-mutumi na yumɓu masu fenti fiye da 2,000 a ciki, akasarinsu na zamanin Ming. Ƙashin katako ake fara haɗawa, a naɗe shi da ciyawa, a shafa yumɓu mai kauri, a bi da mai laushi, sannan a yi fenti. Tsaya gaban wanda ake kira Weituo a zauren Buda Dubu ka duba yadda ƙafafunsa suka fuskanci gaba, ƙugu ya murɗe, kai ya juya wani gefen, ɗamarar tana tashi kamar iska na kaɗa ta, alhali duk ƙasa ce busasshiya. Zaurukan suna da duhu, akwai shingen ƙarfe a gaba, kuma an hana walƙiyar kyamara saboda fentin. Ka je tsakanin hantsi da azahar, lokacin da haske ke shiga ta ƙofa. Da la'asar sakaliya ba za ka ga komai sosai ba.

Zhenguo yana ɗaya gefen, kimanin kilomita 12 arewa maso gabas, a ƙauyen Haodong. Mutane kaɗan ne ke zuwa, kuma a ganina hasara ce. Zauren Wanfo da ke can an gina shi a 963, yana cikin tsofaffin gine-ginen katako da suka rage a duk ƙasar Sin. Ƙaramin ɗaki ne, amma rufinsa ya yi fiffike ya fita nesa da bango, kuma abin da ke ɗauke da nauyin shi ne tarin katakai da aka sassaƙa aka cusa cikin juna hawa-hawa a kan ginshiƙai. Faɗin rufin nan ne ya hana ruwa taɓa bango da gindin ginshiƙi shekara fiye da dubu. Wanda ba ya son shiga ɗakin gumaka ma, wannan aikin kafinta daga waje ake ganinsa. Ka yi ciniki da direba ya jira ka, don samun motar dawowa daga ƙauyen ba shi da tabbas.

Gidajen attajirai kuwa, ɗaya za ka zaɓa. Na iyalin Qiao yana gundumar Qi ta arewa, ɗaki 313, ya yi suna sosai, saboda haka cunkoso da rumfunan 'yan tsaraba sun yi masa yawa. Na iyalin Wang yana garin Jingsheng a gundumar Lingshi ta kudu, kimanin sa'a ɗaya a mota, kuma shi nake ba da shawara. An gina shi a jikin gangaren tudu, sashen da aka buɗe wa jama'a kaɗai yana da tsakar gida 123 da ɗakuna fiye da 1,000. Kashi biyu ne da gada ta haɗa: Gaojiaya, inda sassaƙar dutse da bulo da katako ta fi kyau, da Hongmenbao mai katangarsa, wanda idan ka hau saman katangar za ka ga titunansa sun zana harafin sunan iyalin. Ba shi sa'a biyu da rabi, kuma ka sa takalmi mai riƙe ƙasa don matakalu ne ko'ina. Ƙauyen Zhangbi mai ramukan yaƙi hawa uku a ƙarƙashin ƙasa yana wannan yankin, kusa da Jiexiu, ana iya haɗa su a mota ɗaya. Ramukan matsattsu ne, mai ciwon numfashi ko tsoron ƙunci ya haƙura. Dutsen Mianshan kuwa yini guda yake ci shi kaɗai, cire shi daga lissafi.

Tsarin da zan ba ka: ranar isowa da yamma, zaga tituna kawai ka ga hasumiyar kasuwa bayan an kunna fitilu. Washegari cikin gari tun safe, Zhenguo bayan azahar. Rana ta ƙarshe gidan Wang da safe, Shuanglin a kan hanyar dawowa, sai tasha.

Garba T. ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, kun warware mini da yawa. Saura biyu: tafiyar tawa za ta faɗo makon farko na Oktoba, ko da matsala? Sannan yaya batun abincin halal da biyan kuɗi?

Hajiya Rabi ta amsa:

Da matsala kuwa, Malam. Daga 1 zuwa 7 ga Oktoba hutun ranar ƙasa ne, duk Sin na kan hanya. Tikitin jirgi kan ƙare cikin mintoci da buɗe sayarwa, kuɗin masauki ya ninka, Titin Kudu kuma ba ka ganin ƙasa don mutane. Idan da hali, ɗaga tafiyar zuwa bayan 8 ga wata, a tsakiyar mako. Lokacin sama garau take, ruwan Yuli da Agusta ya wuce, sanyi mai tsanani bai sauka ba. Idan babu yadda za ka yi, kama masauki tun yanzu, ka kasance a kan manhaja daidai lokacin da za a buɗe tikitin ranarka, kuma ka shiga Rishengchang da zarar an buɗe ƙofa, domin ɗakunansa ƙanana ne, da rana sai an yi layi.

Abinci kuwa, nemi alamar 清真 a saman shago, galibi kan allo kore. Ita ce shaidar abincin Musulmi. Shagunan taliyar Lanzhou da naman sa su ne mafi sauƙin samu, kuma an fi samunsu a sabon gari wajen ganuwa. Kwafi haruffan nan biyu ka sa a manhajar taswira ta Amap ko Baidu, za ta nuna maka na kusa; taswirar Google ba abin dogaro ba ce a can. Naman sa na Pingyao ya yi suna kuma ko'ina ana tallarsa, amma kasancewarsa na sa ba ya nufin yankan Musulmi ne, sai ka ga alamar a jikin ledar. Abincin garin irin su kaolaolao, wato naɗaɗɗiyar taliyar garin hatsi da ake turarawa, da wantuo, su kansu ba nama a cikinsu, amma miyar da ake zuba musu takan zo da naman alade ko kitsensa. Ka sa a rubuta maka da Sinanci cewa ba ka cin alade, kitsensa, da giya a girki, ka riƙa nunawa. Idan Juma'a ta riske ka a hanya, akwai tsohon masallaci a Taiyuan, akwai kuma babban masallacin Xi'an.

Biyan kuɗi kusan duk da waya ne. Sauke Alipay ko WeChat, ka haɗa katin bankinka, ka gama tantance fasfo tun kafin ka shiga ƙasar, saboda lambar tabbatarwa layinka na gida ake turo wa, kuma ba lallai ta shigo ba idan ka riga ka isa. Sanar da bankinka cewa za ka yi tafiya don kada su toshe katin a ciniki na farko. Riƙe kuma 'yan yuan ɗari biyu ko uku a ƙananan takardu, na 10 da na 20, domin masu ƙananan shaguna sau da yawa ba su da canjin takardar 100.